Buhun da ke Ƙasa

Duk ranar Asabar nakan ga sababbin fuskoki a sitonmu na unguwar Erdington a Birmingham, 'ya'yan mutanenmu da aka haifa a nan, waɗansu daga jami'a, waɗansu daga sakandare, sun zo taimako. Da na ce musu aikina tattara gudummawar abinci da kayan shimfiɗa ne don gidan ceton dabbobi, sai in ga sun saki jiki. A ganinsu ka tuƙa mota ne kawai, ka karɓi abin da aka ba ka, ka yi godiya, ka sauke. Shekarata goma sha ɗaya ina wannan aiki tsakanin Manchester da Birmingham, kuma ɗaukar kaya shi ne abu mafi sauƙi a cikinsa. Wuyar tana wajen gane abin da bai kamata ka ɗauka ba, da ƙin sa a gaban mutumin da ya ba ka da zuciya ɗaya.

Sunana Sale, mutumin Funtuwa ne ni. Kafin wannan aiki na yi shekara takwas ina lodi a wani siton 'yan sari a unguwar Cheetham Hill ta Manchester. Wata rana aka fasa buhunan abincin karnuka wajen saukewa, maigidan ya ce kowa ya san inda zai kai su ya kai, ya gaji da biyan kuɗin zubar da shara. Wani direba ya ba ni lambar wata mata mai suna Maureen, wadda ke kula da wani ƙaramin gidan ceton dabbobi a gefen Birmingham. Na kai mata sau ɗaya, na kai sau biyu. A na uku ta tambaye ni sito nawa na sani a Cheetham Hill. Na ce kusan duka. Ta ce to suna neman direba.

Lodin farko da na kawo a matsayin ma'aikaci ina takama da shi, don motar cike take har rufi. Maureen, wadda a lokacin ta haura sittin, ta sa na sauke komai a tsakar sito, ta tsuguna tana rabawa gida biyu. Barguna masu gashin tsuntsu a ciki ta jefa hagu, ta ce kare zai yage su ya haɗiye gashin. Wani saƙaƙƙen mayafi mai kyau, wanda wata tsohuwa ta ce wata biyu ta yi tana saƙa shi, shi ma hagu, don farcen kyanwa na maƙalewa a ramukansa. Gwangwanin da ya kumbura, hagu. Ragowar maganin dabbar wani, hagu. Matashin kai, hagu. Da ta gama, abin da ke dama bai kai sulusi ba, yawanci tsofaffin tawul ne da jaridu da buhu huɗu na abinci. Ta ce in mayar da na hagun mota in kai juji, kuma in sani juji ba kyauta ba ne, abin da za a biya can daga bakin dabbobi za a cire shi. Ban sake ɗaukar kaya don kawai an miƙo mini ba.

Kayan aikina ba su da yawa. 'Yar wuƙar yanka kwali, tocila, safar hannu mai kauri, tef na liƙe buhu, da alƙalami mai baƙin tawada na rubuta ranar da kaya suka shigo. Akwai doguwar riga ta roba da nake ɗorawa in zan shiga wajen karnuka, in cire ta in wanke hannu kafin salla, tana da jakarta daban a bayan kujera. Amma abin da Maureen ta fi koya mini shi ne amfani da hanci. Busasshen abincin kare, in lafiyayye ne, warin nama da hatsi yake yi. In ya sha danshi, wari ne kamar na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba, kuma sau da yawa ido ba zai ga komai ba. Dokarta ɗaya ce: in an ba ka jerin buhuna, ka bar na sama, ka jawo na can ƙasa wanda ke zaune a kan siminti, ka tsaga shi, ka zura hannu har tsakiya, ka shaƙa. A gaban mai kayan za ka yi, kafin ko buhu ɗaya ya shiga mota.

Masu bayarwa iri-iri ne. Na taɓa hawa bene na huɗu a wani gidan haya a unguwar Hulme ta Manchester wajen wani dattijo da kyanwarsa ta mutu. Ya jera mini kwanonta da kwandon barcinta da gwangwani shida a kan tebur, amma hannunsa na kan kwandon bai ɗaga ba. Irin wannan ba a gaggawa da shi. Na sha shayin da ya ba ni, na saurari labarin kyanwar tun daga ranar da ya tsince ta, sannan na ce gwangwanayen sun ishe mu a yau, kwandon ya riƙe tukuna. Bayan wata uku shi da kansa ya kira ni in zo in ɗauka. Akwai masu tura 'yan kuɗi kaɗan kowane wata ba su taɓa zuwa sun ga wurin ba, kuma da kuɗinsu ake biyan likitan dabbobi da wutar ɗumama ɗakuna. Akwai kuma masu son su share garejinsu ne kawai su kira shi sadaka.

Mutanenmu su ne mafi wuyar roƙo. In na tsaya a bakin masallaci na ce muna neman tsofaffin tawul, sai a tambaye ni ko na manta da masu kwana da yunwa a gida. Wani ya taɓa ce mini a gaban jama'a, na baro Funtuwa na zo ina yi wa karnukan Turawa bara. Ba na jayayya. Nakan ce tawul ɗin da za ka jefa a shara nake nema, ba abincin 'ya'yanka ba. Sannu a hankali aka fara kawowa, yawanci mata, a cikin baƙar leda, a ajiye mini ba tare da an faɗi suna ba. A Birmingham kuma wata 'yar Filato da muke kira Maman Joy, mai aiki a gidan kula da tsofaffi, ta riƙa tara mana barguna a cocinsu. Daga baya ta zama cikin masu riƙon dabba a gida in wurinmu ya cika.

Muguwar shekarar ita ce bayan an gama zaman kulle na annoba, kaya suka yi tsada. Mutanen da suka sayi karnuka lokacin da suke zaune a gida suka koma aiki, masu haya suka rasa gidaje, aka riƙa kawo mana dabbobi har ana ɗaure su a ƙofa a tafi. Masu tura kuɗi suka fara dainawa ɗaya bayan ɗaya. Situnan da ke ba ni fasassun buhuna suka koma liƙe su suna sayarwa da rangwame. Akwai makon da na tsaya a sitonmu ina iya ganin bangon baya daga bakin ƙofa, abin da ban taɓa gani ba. Maureen ta fara auna abinci da kofi.

A cikin wannan hali ne Alhaji Mamuda ya aiko a kira ni. Dattijo ne mai siton sari a Cheetham Hill, wanda duk Bahaushen da ya sauka Manchester a zamaninmu ya ci abinci a gidansa, ni ma shi ya sama mini aikina na farko. Ya sayi ragowar kayan wani shago da aka rufe, a ciki akwai jeri biyu na buhunan abincin kare, kuma ya ce ba zai sayar da abincin kare da sunansa ba. Ya ji ana yi mini dariya a masallaci, ya ce a ba Sale duka.

Ranar Talata na je. Na tarar ya tara ma'aikatansa da abokansa biyu, an sa mini kujera. Buhunan na jingine a bangon baya, ƙarƙashin wata taga. Na ga ɗan tabon ruwa a simintin wurin. Wuƙata na aljihu. Na miƙe na tsaga buhun sama, na shaƙa, lafiya lau. Na sunkuya zan jawo na ƙasa, sai Alhaji ya yi dariya ya ce, “Malam Sale, kyauta ma sai an bincika? Zauna ka sha ruwa, za a loda maka.” Abokansa suka yi dariya. Na zauna.

Ku lura da abin da lodi ke yi. Buhun da ke sama shi ke fara shiga mota, ya koma can ciki. Na ƙasa shi ke shiga ƙarshe, ya tsaya a bakin ƙofa, kuma shi ke fara fita. Ranar Laraba da na isa Birmingham, buhunan da na fara rabawa su ne waɗanda suka zauna a kan siminti. Uku na ba ɗakunan karnuka, tara na kai gidajen masu riƙo, ɗaya-ɗaya. Bayansu a bushe yake, leda ce mai sheƙi, ba ka ganin komai.

Ranar Juma'a wajen sha biyu da rabi ina Hulme, na gama ɗaukar jaridu zan wuce masallaci, Maureen ta kira. Tana wajen likita da karnuka uku. Tun safe suke amai, biyu na karkarwa ba sa iya tsayuwa. Likita ya ce gubar fumfuna ce, tana kama hanta, kuma kowane ci na ƙara ta. An tsaga buhunan ɗakunan an ga tsakiyarsu ta cure ta yi toka-toka. Ta tambaye ni wane buhu na buɗe a wurin mai kayan. Na ce na sama. Ta ce an sami gida takwas a waya, duk sun daina bayarwa, biyu na kan hanyar zuwa asibiti. Saura gidan Maman Joy.

A gidan akwai wata karya da aka tsinta da ciki, ta haifi 'yan kwikwiyo biyar kwana goma da suka wuce, tana shayarwa. Maman Joy na aiki tun asuba, wayarta na kulle a akwatin ma'aikata, kuma an ce ta raka wani tsoho asibiti, ba a san lokacin dawowarta ba. Wadda ke gida mahaifiyarta ce, tsohuwar da ta zo daga Pankshin wata huɗu kafin nan. Ba ta jin Turanci, kunnenta ya yi nauyi, kuma 'yarta ta gargaɗe ta kada ta buɗe wa kowa ƙofa. Ita ke ba karyar abinci da ƙarfe huɗu. An tura wata ma'aikaciyarmu ta ƙwanƙwasa, har ta kira ni ta tura wayar ta kafar jefa wasiƙa ina ta magana, amma ganin hannun baƙuwa na shigowa ta ƙofa ya sa tsohuwar ta shige ciki ta rufe ɗaki. Maureen ta ce ni kaɗai ne mai Hausa a cikinsu.

Ban je Juma'a ba ranar. Na hau babbar hanya ƙarfe ɗaya saura. A ranar da hanya ke sake tafiyar awa biyu ce, amma Juma'a ce, ana kuma gyaran hanya bayan garin Stoke, aka matse mu layi biyu. Na yi minti arba'in ina kallon bayan wata tirela. Ina ta kiran gidan tsofaffin, ana ce mini an ajiye saƙo. Maureen ta sake kira ta ce ɗaya daga cikin ukun, wani tsohon kare mai suna Duke, an sa masa ƙarin ruwa amma ba ya ɗaga kai. Ta ce likita ya ce in mai shayarwa ta ci da yawa, ba ita kaɗai za a rasa ba. Ƙarfe huɗu ta buga ina bakin shiga Erdington inda gidan Maman Joy yake, a bayan wata bas da ke tsayawa kowane ɗan taƙi a babban titi. Na bar motar a inda bai halatta ba, na ƙarasa da ƙafa.

Huɗu da kwata na isa ƙofar. Ta kafar wasiƙa ina jin ƙarar kwanon ƙarfe na gogar ƙasa, irin ƙarar da yake yi in kare na lashe shi. Na durƙusa na ɗaga murfin na yi sallama da ƙarfi, na ce, “Mama, Sale ne, mai kawo abincin karya. Ɗan Funtuwa. Don Allah ki ɗauke mata kwanon nan.”

Na sake maimaitawa. Sai na ji takun silifa a hankali. Ta tsaya nesa da ƙofa ta tambayi sunan 'yarta na yanka, wai in ni na sani ne in faɗa. Allah ya sa na taɓa gani a takardar riƙo. Na ce Rifkatu. Ta tambayi sunan mijin. Na faɗa. Sannan ta zare sarƙar ƙofa ta buɗe.

'Yar ƙaramar tsohuwa ce, ta ɗaura zane a kan rigar sanyi. Na tambaye ta ko ta ba karyar abincin sabon buhu. Ta kalle ni, ta kalli ƙasa, ta ce ta ba ta. Na ce yaushe. Ta ce jiya safe da yamma, yau safe, da kuma yanzu, kamar yadda 'yarta ta ce, kofi biyu-biyu, ba ta taɓa tsallakewa ba. Ci huɗu ke nan. Na wuce ta zuwa kicin ina laluben lambar likita.

Karyar na kwance a kan bargo, 'ya'yan na tsotso, ta ɗago kai tana kaɗa wutsiya. Idonta garau. Na ɗauki kwanon da ta lashe, sai na ga ƙwayoyin shinkafa uku sun manne a gefensa. Buhun kuma na jingine a bayan ƙofa, an ɗaure bakinsa da tsumma, kusan a cike.

Na ce, “Mama, ba faɗa na zo yi ba. Abincin nan guba ne. Ki gaya mini gaskiya, me take ci?”

Ta zauna a kan kujera. Ta ce jiya da safe ta zuba mata, Mai Jego, haka take kiran karyar, ta ci loma biyu ta kau da kai. Ita kuma ta ɗebo a hannu ta shaƙa. “Warin gyadar da ruwa ya shiga rumbunta ne. A gida ko akuya ba ma ba wa.” Tun daga nan shinkafa take dafa mata da ƙwai. Ta ɓoye wa 'yarta don an ja mata kunne kada ta ba ta komai sai na buhu, in ba haka ba Turawa za su ƙwace ta su ce an karya doka. Da ta ga baƙuwa na ƙwanƙwasawa ɗazu, ta ɗauka asirinta ne ya tonu.

Duk da haka na kwashe su zuwa wajen likita saboda loma biyun nan, tsohuwar na zaune a gaba da kwalin 'yan kwikwiyon a cinya, ta ƙi yarda a tafi ba ita. Aka auna jini, aka ce ba abin tsoro. Na gidajen riƙo biyun da aka kai su ma sun tashi. Cikin ukun farko, biyu sun kwana huɗu a asibiti sun warke. Duke ya mutu ranar Asabar da hantsi. Karen wani tsoho ne da aka kai gidan kula da tsofaffi, ya bar mana shi da alkawarin za a riƙa kai masa shi ziyara. Maureen ce ta je ta gaya masa. Na ce zan bi ta, ta ce a'a, ni ina da tawa tafiyar.

Kwamitin gidan ya zauna a kaina. Na faɗi abin da ya faru yadda ya faru, ban ambaci sunan mai kayan ba. Waɗansu sun so a sallame ni. Ban san abin da Maureen ta ce musu bayan na fita ba, amma aka bar ni, da sharaɗin duk lodi sai ta sake buɗewa da kanta. Ta yi hakan shekara guda cur.

Ranar Litinin bayan mutuwar Duke na ɗauki buhu ɗaya na koma Cheetham Hill. Na jira har abokan ciniki suka ragu, na roƙi Alhaji mu shiga ofis. Na ajiye buhun a kan teburinsa na buɗe. Warin ya cika ɗakin. Na gaya masa na karnuka uku, da wanda ya mutu, da abin da aka kashe wajen likita a shekarar da ba mu da shi. Ya leƙa cikin buhun. Fuskarsa ta canza, na ɗauka zai ce na zo in tozarta shi ne bayan alherin da ya yi mini. Sai ya ce, “Ka ga ruwan a ƙasa ranar?”

Na ce na gani.

“Me ya hana ka buɗewa?”

Na ce, “Na ji nauyinka, Alhaji.”

Ya cire tabarau ya ajiye. Ya ce shekara arba'in yana sayen kaya, bai taɓa biyan kuɗin kwali ba sai ya buɗe na ƙasa, ko na ɗan'uwansa ne. Ya ce shi wasa ya yi, bai san zan zauna ba. Ya kira babban ma'aikacinsa ya ce a kwashe duk abin da ke jikin bangon nan a duba, har da buhunan shinkafa da garin da ake sayar wa mutane, a kira mai gyaran taga yau. A cikin shinkafar aka sami buhu shida da suka sha ruwa, waɗanda da an kai su shaguna a makon.

Bai raka ni ƙofa ba kamar yadda ya saba. Ina ɗaure bakin buhun zan fita ya tambayi sunan karen, na gaya masa. Ya maimaita sau ɗaya, da ƙyar harshensa ya kama. Sannan ya ce in bar buhun a nan, shi zai kai juji da kansa.